Da gaske ne zafi yana fitar da cutar bairas daga irin dankalin Turawa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da manoma. Duk mai noman dankalin Turawa ya san idan ana maimaita iri ɗaya shekara bayan shekara sai ya riƙa ja baya. Shuka ta tsumbure, ganyen ƙasa ya naɗe sama kamar cokali ya yi tauri, wani ganyen ya yi dabbare-dabbare kore da rawaya, 'ya'yan kuma su fito ƙanana. An ce bairas ne, kuma babu maganin feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. To amma ana yawan cewa idan aka ajiye irin a wuri mai zafi na wasu makonni cutar takan mutu, dankalin ya tsira da ransa.

Ina so in san gaskiyar maganar. Digiri nawa, kwana nawa? Kowane bairas yake kashewa, ko wasu ne kawai? Kuma injin ƙyanƙyasar ƙwai zai iya wannan aikin, ko sai na'urar ɗakin bincike? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka gaya maka. Alamomin da ka lissafa ba na cuta ɗaya ba ne. Ganyen da ya naɗe ya yi tauri, wanda in ka murza shi za ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar takarda, aikin bairas mai naɗe ganye ne, wanda ake taƙaita sunansa PLRV. Dabbare-dabbaren kuwa na su PVY ne da PVX, wani lokaci da PVS, wato bairas Y da X da S a taƙaice. A cikinsu duka, mai naɗe ganye ne kaɗai zafi yake iya fitarwa daga ɗan dankali yana ɗungurungum ɗinsa. Wani masani mai suna Kassanis ne ya nuna haka a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila wajen 1950: ya ajiye dankali mai cutar a digiri 37.5 na Salshiyos cikin iska mai danshi, bayan kwana 25 waɗanda suka rayu suka tsiro babu cutar naɗe ganye. Amma X da Y suna nan daram a cikinsu. Har yau wannan iyakar ba ta canja ba.

Injin ƙyanƙyasa zai yi, domin zafin da ake saita wa ƙwan kaza kusan shi ne wannan. Sai dai dankali ba ƙwai ba ne, yana saurin ruɓewa ko shaƙewa a wannan zafin, kuma a nan ake tafka asara.

Ka zaɓi matsakaita, masu faɗin milimita 35 zuwa 45, waɗanda fatarsu ta riga ta kama. Kada ka sa wanda aka tono jiya. A bar shi kamar mako biyu a inuwa mai iska, raunin da fartanya ta yi masa ya warke. Duk mai tsaga, ko rami, ko tabo mai laushi, fitar da shi tun yanzu, don ɗaya ruɓaɓɓe yana iya cinye faranti guda cikin kwana uku a wannan zafin. Ka shimfiɗa su layi ɗaya a kan farantin raga, kada wani ya hau kan wani, kuma kada ka cika injin fiye da rabi. Kashe abin juya ƙwai, buɗe duk kafofin iska, bar fanka tana aiki dare da rana. Sa kwanon ruwa a ƙasa don kada su yamushe, amma in ka ga raɓa ta kwanta a fatarsu, danshi ya yi yawa, rage ruwan ka ƙara iska. Fata mai jiƙa a digiri 37 gayyatar ruɓa ce kai tsaye.

Kada ka dogara da lambar da injin yake nunawa. Sami ma'aunin zafi biyu, ɗaya a tsakiyar faranti, ɗaya kuma ka huda ɗan dankali guda ka cusa shi har tsakiya. Ka hau da zafin a hankali cikin kwana biyu ko uku, sannan ka fara ƙirga kwanakin daga ranar da tsakiyar dankalin ta kai 37. Tazarar da kake da ita ƙanƙanuwa ce: in ya sauka ƙasa da 35 na dogon lokaci cutar za ta tsira a wasu idanun, in ya zauna a 40 ko sama kwana da kwanaki idanun ne za su mutu. Wutar da ta ɗauke rabin yini ba ta rushe aikin, amma ka ƙara kwanakin da aka rasa a ƙarshe.

Duk kwana biyu ka buɗe ka duba ɗaya bayan ɗaya. Ruɓa iri biyu za ka gani, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi laushi, yana ɗigar ruwa mai yauƙi da wari, bakteriya ce, laifin danshi ne ko rauni. Wanda kuwa daga waje lafiyarsa ƙalau, amma da ka tsaga shi sai ka ga tsakiyarsa ta yi toka-toka tana komawa baƙa ƙirin kamar an zuba tawada, babu wari, nama da ƙarfinsa, wannan shaƙewa ya yi. Zafi ya sa numfashinsa ya ninka, iskar da ke ratsa fata ba ta isa tsakiya ba, sai tsakiyar ta mutu. Manyan dankali sun fi faɗawa wannan, shi ya sa na ce matsakaita. Ka riƙa sadaukar da guda ɗaya kowane mako kana tsagawa. In ka ga alamar baƙin, rage kaya ka ƙara iska nan take.

Nau'o'in dankali sun bambanta wajen jure zafi, wani rabinsa zai mutu a inda wani zai tsira kusan duka. Saboda haka fara da guda 30 ko 50, ba buhu ba. Ga nau'in da ba ya jurewa akwai hanyar sauyawa: awa 4 a digiri 40, sannan awa 20 a digiri 16 zuwa 20, kullum, na mako shida zuwa takwas. Ta fi cin lokaci, amma hutun sanyin yana ba dankalin damar numfasawa. Kuma abin da ya fito daga injin ya tsufa fiye da kwanakinsa, zai yi toho da wuri, don haka a shirya aikin ya ƙare kusa da lokacin shuka.

Mai Ɗakin Gwaji ta rubuta:

Allah ya saka wa Malam, ya faɗi abin da yake daidai. Zan ɗora a kan sauran, wato X da Y da S, domin iri mai cuta da wuya ka same shi da bairas ɗaya tal. Galibi biyu ne ko uku a ɗan dankali guda, kuma haɗuwar X da Y ta fi kowannensu shi kaɗai muni nesa ba kusa ba. Wanda ya fitar da mai naɗe ganye ya bar waɗannan bai gama aiki ba.

A wajen waɗannan, zafi share fage kawai yake yi, wuƙa ce take ƙarasawa. A can ƙarshen kowane toho akwai wani ɗan ƙundu da ake kira meristam, inda sababbin ƙwayoyin halitta suke rabuwa. Jijiyoyin da ke kai abinci ba su kai wurin ba tukuna, kuma wurin yana girma da sauri, sai bairas ya riƙa biyo shi a baya bai cim masa ba. Morel da Martin ne a Faransa suka fara amfani da wannan, a furen daliya a 1952, sannan a dankali a 1955. Matsalar ita ce wurin da babu cutar ƙarami ne ƙwarai. In ka yanki milimita 0.1 zai fita da tsabta amma yawanci ba ya rayuwa, in ka yanki milimita 1 zai rayu amma da cutarsa. Abin da zafi yake yi shi ne ya rage wa bairas saurin hayayyafa da tafiya alhali tohon yana ci gaba da tsawo, sai wurin mai tsabta ya faɗaɗa, a iya yankan milimita 0.3 zuwa 0.5 mai ɗauke da 'yan farkon ganye ɗaya ko biyu. Stace-Smith da Mellor a Kanada sun nuna a 1968 cewa haɗa zafi da yanka yana fitar da X da S, waɗanda su ne masu taurin kai.

Ba ɗan dankalin ake gasawa ba a nan, shuka mai rai ce, ko a tukunya ko a kwalbar gwaji, wadda ta riga ta yi saiwa. Wadda ba ta kafu ba za ta mutu a makon farko. Tsarin da cibiyar dankali ta duniya da ke Lima a Peru ta yaɗa shi ne awa 16 a digiri 36 da haske mai ƙarfi, awa 8 a digiri 30, har mako huɗu. A hau da zafin sannu a hankali cikin 'yan kwanaki. Ga na tukunya, a tsinke kan shukar kafin a sa ta, don tohon gefe su fito da yawa cikin zafin, su ne za a yanka. Ga na kwalba, a rufe bakinta da kyau, domin abincin yana bushewa ya tsattsage, gishirinsa ya yi kauri ya ƙone saiwa. Ganye zai yi fari-fari, kara ya yi siriri, wannan ba abin tsoro ba ne muddin kan tohon kore ne.

Ranar da aka fito da su ranar ake yanka. In aka bar su kwana biyu ko uku a sanyi, bairas zai sake mamaye wurin da aka sha wahalar sharewa. Tohon da ya fito daga tukunya a tsoma shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na daƙiƙa 30, sannan a ruwan bilic da aka tsarma zuwa kashi 0.5 ko 1 na minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau uku da ruwan da aka kashe ƙwayoyinsa. Sai a ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma a riƙa ɓare 'yan ganyen ɗaya bayan ɗaya da bakin allura, har sai ƙundun ya bayyana yana ƙyalli kamar ɗigon raɓa. Daga nan daƙiƙoƙi kaɗan kake da su kafin zafin fitila ya busar da shi. A canja allura ko a ƙona bakinta tsakanin ɓare ganyen waje da yankan ƙundun, in ba haka ba da hannunka za ka shafa masa X, domin shi ta taɓawa yake yaɗuwa.

Abincin da ake ɗora ƙundun a kai a cikin kwalba shi ne haɗin sinadarai na Murashige da Skoog na 1962, da sukari giram 30 da aga, wato abin da ke daskarar da abincin, giram 7 zuwa 8 a lita, ma'aunin tsami 5.7, a dafa a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Ana ƙara ɗan sinadarin jibarelin, ƙasa da miligiram 1 a lita, don tohon ya miƙe. A guji yawan sinadaran da ke sa nama ya yi curi, saboda shukar da ta fito daga curi tana iya sauya kama ta daina zama nau'in da aka fara da shi. A ajiye a digiri 20 zuwa 24 da haske awa 16. Wata biyu zuwa huɗu kafin a ga shuka, kuma da yawa ba za su tashi ba, don haka a yanka da dama. Kowane ƙundu a ba shi lambarsa, kada a haɗa zuriyarsa da ta wani, saboda a cikin goma da suka fito daga uwa ɗaya wasu masu tsabta ne wasu ba haka ba. Idan S ya ƙi fita, ana zuba maganin bairas mai suna ribabirin a abincin, kamar miligiram 20 zuwa 50 a lita, amma yana tsumburar da shuka in ya yi yawa.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Ashe abin da faɗi. To tunda zafi ne maganin, me zai hana a taƙaita: a tsoma irin a ruwan zafi na 'yan mintoci, ko a shanya shi a rana na 'yan kwanaki?

Tsohon Malamin Gona ya rubuta:

Kada ka yi ko ɗaya, ɗan'uwa, za ka rasa irin ka bar cutar. Zafin ba dafa bairas yake yi ba. In aka matse ruwan ganye mai cuta aka ɗumama shi na minti 10, mai naɗe ganye ba ya mutuwa sai an kai digiri 70 zuwa 80, X kuma wajen 70, Y tsakanin 50 da 62. Idon dankali ba zai kai ko kusa da nan ba. Ka lura ma, Y da ya fi saurin mutuwa a matsattsen ruwan ganye shi ne ba ya fita daga ɗan dankali, mai naɗe ganye da ya fi juriya shi ne yake fita. Abin da ke faruwa a digiri 37 shi ne bairas ya kasa haifar sababbi, tsofaffin suna lalacewa a hankali, garkuwar shukar kuma tana ƙara ƙarfi a ɗumi. Mai naɗe ganye a jijiyoyin abinci kawai yake zama kuma ba shi da yawa, shi ya sa yake ƙarewa cikin kwana 25. X kuwa ya cika kusan kowane sashe na naman. Aikin lokaci ne, ba a gaggauta shi da ƙara wuta.

Ruwan zafi yana da wurinsa: digiri 55 na 'yan mintoci yana rage wasu cututtukan da ke manne a fata, kuma ko a nan ɗan ƙarin lokaci yana kashe idanu. Tsakiyar dankalin ba ta ma ji ɗumin ba. Rana kuwa ba ta da ma'auni, gefen sama ya ƙone ya yi tabo, gefen ƙasa yana sanyi, dare ya yi komai ya huce. Gaskiya ne an lura a Indiya cewa irin da ya kwana bazara a rumbu a yankuna masu tsananin zafi yakan fito da ƙarancin cutar naɗe ganye, amma a inuwa ne, na watanni, kuma da asara mai yawa ta ruɓa.

Mai Duba Iri ya rubuta:

Malamai, a ba ni dama in ja hankali kan abu uku da ke mayar da wannan wahalar banza, don abin takaici ne a yi wata shida ana reno a ƙarshe a raba wa manoma cuta da sunan iri mai tsabta.

Na farko gwaji. Zafi yana danne bairas har ya yi ƙasa da abin da gwajin gano bairas na ɗakin bincike mai suna ELISA zai iya gani, sai sakamako ya ce babu, bayan wata biyu ya dawo. Kada a gwada shuka da fitowarta daga zafi a ce an gama. A gwada ta tana kwalba, a sake gwadawa bayan ta yi mako biyar ko shida a ɗakin raga cikin yanayi na yau da kullum, in da hali da gwajin PCR, wanda ya fi gani. Ido ba shaida ba ne, S da X sukan zauna a shuka ba tare da wata alama ba. Kai kuma mai injin ƙyanƙyasa, ka ware wasu daga irin da ba ka gasa ba ka shuka su a layi na kusa cikin raga. In su ma ba su nuna naɗewar ganye ba, ba ka da hujjar cewa zafin ne ya yi aiki. Kuma ka tuna ido ɗaya na iya warkewa ɗaya bai warke ba a ɗan dankali guda.

Na biyu, akwai cututtukan da zafi yake ƙara wa ƙarfi. Wanda ke sa dankali ya yi tsawo siriri da idanu masu yawa, PSTVd, ba bairas ba ne, ƙaramin abu ne da ake kira bairoyid, wanda Diener ya gano a Amurka a 1971. Shi ɗumi yake so, a sanyi ake rage shi, digiri 5 zuwa 8 na watanni kafin a yanki ƙundu. Haka bakteriyar da ke sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya tana kore: tana ɓoye a ɗan dankali, ɗumi ya tashe ta. In ka tsaga ka ga zobe mai ruwan ƙasa yana fitar da farin ruwa kamar madara in an matsa, ko ƙasa tana manne wa idanu, wannan irin ba na gasawa ba ne, a hallaka shi duka, a wanke injin da bilic.

Na uku, shukar da aka warkar ba ta da rigakafi, kaka ɗaya ta isa ta sake kamuwa. Ƙwarin darɓa ne ke ɗaukar mai naɗe ganye da Y, amma ba hanya ɗaya ba. Mai naɗe ganye sai ƙwaron ya daɗe yana tsotsa, cutar ta zaga jikinsa, sannan ya iya zuba ta, kuma yana riƙe da ita har mutuwarsa, don haka feshin maganin ƙwari yana rage shi sosai. Y kuwa a bakin ƙwaron yake maƙalewa, ɗanɗanon daƙiƙoƙi ya isa, kafin maganin ya kashe shi ya riga ya harbi shuka. Abin da ke rage Y shi ne raga mai ƙananan ƙofofi, nisa daga gonar dankalin ci da taba da tumatir da barkono, feshin man ma'adinai a ganye kowane mako, da tumɓuke duk shukar da ta nuna alama tare da uwarta da 'ya'yanta, a zuba a buhu a wurin kada ƙwarin su watse. X kuwa ta wuƙar yanka iri da hannu da tufafi yake yaɗuwa, a tsoma wuƙa a bilic tsakanin ɗan dankali da ɗan dankali, ko a daina yankan iri sam.

In ƙwari suka fara yawa a ƙarshen kaka, a yanke ganyen gonar iri da wuri, domin bairas yana ɗaukar kwanaki kafin ya sauka daga ganye zuwa 'ya'ya. A bar dankalin a ƙasa mako biyu zuwa uku fata ta kama, kuma a riƙa zagawa ana cire duk sabon tohon da ya sake fitowa daga kututturen, don ɗanyen ganyen nan shi ƙwarin suka fi so.